Ruwan Asabar

McLeansville, Greensboro
Lahadi, 10 ga Satumba

Zuwa ga Kakata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya ciwon gwiwar? Yaya damina a Pankshin? Da fatan acca ta yi kyau bana. Ki gaishe mini da Anti Prisca, wadda take wahalar buga wasiƙun nan a takarda ta kawo miki. Kin ce ba ki son muryar waya, kin fi son abin da za ki riƙe a hannu ki karanta da tabaranki, shi ya sa nake rubutawa ina ɗaukar hotonsa. Idan kin ga kuskure a Hausata ki yi haƙuri, shekara uku ke nan ba na rubuta ta sai gare ki.

Kaka, albishirinki: an sa ranar baftismarmu, Asabar 14 ga Oktoba. Mu shida ne muka gama ajin, kuma ni ce ƙarama. Abin da zai fi faranta miki rai shi ne a kogi za a yi. Tun da aka kafa ikilisiyarmu a nan, aron wuri ake yi a wata majami'ar Turawa mai kwamin tayil da ruwan ɗumi. Baba Nicodemus, dattijon ikilisiyarmu, wanda ya ɗauko ni da Mama daga filin jirgi ranar da muka sauka, ya ce wannan ba baftisma ba ce, wankan jego ne. Har Fasto Seth sai da ya yi dariya. Baba ya ce shi a ruwa mai gudu aka yi masa, kuma ba zai bar duniya ba sai ya ga an yi wa yaran da ke tashi a nan irin wadda aka yi masa.

Shi kaɗai ya yi ta tuƙi zuwa duwatsun yamma, tafiyar awa uku, har sau uku, kafin ya zaɓi wurin. Ya nuna mana bidiyo. Ya naɗe wando, ruwan bai kai masa gwiwa ba, garau, kana ganin duwatsun ƙasa. Can tsakiya akwai wani gurbi da ya kai masa ƙugu, a nan za a yi. Ya zaɓi Oktoba ne domin, in ji shi, bayan damina kogi yake natsuwa. Yanzu duk ikilisiya Urdun muke ce wa wurin, sunan kogin da aka yi wa Yesu baftisma.

Za a yi shi irin na gida. Matan zumunta, ƙungiyar matan ikilisiyarmu, za su jera a cikin ruwa, hannu riƙe da hannu, daga baki har zuwa gurbin, suna waƙa, a riƙa miƙa mu daga wannan zuwa waccan har wurin Fasto. Uwar wanda ake yi wa baftisma ita ce ta ƙarshe a layi, domin ta tarbe shi da zani. Mama ta riga ta sayi nata. Kin san ’yarki ko a rafin bayan gida ba ta taɓa yarda ruwa ya wuce mata idon sawu ba, amma ta ce don ni za ta shiga.

A makaranta ma kogin ya biyo ni. Malama Lucia, mai koya mana kimiyyar ƙasa, ta ce kowa ya zaɓi kogi ɗaya ya bi shi mako takwas. Gwamnati tana kafa wani ɗan akwati a jikin gada, kowane minti goma sha biyar yana auna tsayin ruwa da yawan wanda yake wucewa, ya aika lambar ta intanet. Kamar sandar da kike kafawa a bakin rafi ce, sai dai wannan tana ba da labari da kanta. Don murna na zaɓi Urdun ɗinmu. Akwatinsa yana wata gada, mil biyu sama da wurin baftisma. Kullum bayan makaranta ina kwafe lambobin a littafina, in zana layinsu.

Yawancin kwanaki layin a kwance yake, ƙafa ɗaya da rabi. Amma sau huɗu ya yi tsalle ya koma, alhali na duba ba a yi ruwan sama ba. Ina jin akwatin ne ya lalace. Ina so in tambayi Malama, sai dai ba na son ɗaga hannu a aji.

Mama tana gaishe ki, tana dutin rana wannan makon. Ki sa ni a addu'a.

Taki jika,
Nanret

*

Laraba, 27 ga Satumba

Kakata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kin tashi lafiya kuma ƙafar ta yi sauƙi. Mu dai muna nan kalau. Na ji an ce kin yi rawa da kika karanta labarin kogi, na yi dariya ni kaɗai. Amma wannan wasiƙar ba irin waccan ba ce, ki zauna kafin ki karanta.

Akwatin bai lalace ba. Na jira har kowa ya fita daga aji, sannan na kai wa Malama Lucia littafina. Ta ɗora yatsa a kan wuraren da layin ya yi tsalle, ta ce in duba ranakun. Kaka, ban taɓa lura ba. Dukkansu Asabar ne da Lahadi. Kuma dukkansu a lokaci ɗaya, sha biyu da kwata na rana.

Ashe can sama akwai madatsar ruwa. A wannan lokacin na shekara, kowane ƙarshen mako da ƙarfe tara na safe suna buɗe ta, domin masu wasa da ƙananan kwale-kwale su sami ruwa mai ƙarfi. Ruwan yana tafiya cikin kwazazzabo har ya iso gadar da sha biyu da kwata. Cikin minti ashirin yake tashi daga ƙafa ɗaya da rabi zuwa huɗu da rabi. Wato inda ya tsaya ƙasa da gwiwa zai kai ƙirjin Mama, gurbin tsakiya kuwa zai shanye kan Fasto. Malama ta ce ba tsayin ne ma abin tsoro ba, ƙarfin ne, domin ruwan da ke wucewa yana ninkuwa fiye da sau goma. Daga gada zuwa wurinmu kamar rabin awa ne. Na lissafa sau uku: ɗaya saura kwata.

Na tuna abin da kika koya mini, cewa rafi ba ya cin amana, sai ya yi gargaɗi: hadari ya haɗu a kan dutse, ruwan ya yi ja, karare su fara wucewa. Wannan kogin bai san da haka ba. Rana tsaka yake zuwa, sama tas babu gajimare. Ba ya yin ja, domin daga ƙasan madatsa yake fitowa, garau, da sanyi kamar ƙanƙara. Malama ta ce mai tsaye a ciki abin da zai fara ji shi ne sanyi a ƙafa, ya ga ganye suna yawa a kan ruwa, daga nan kuma minti kaɗan ya rage masa.

Sai na tambayi kaina, to yaya Baba Nicodemus bai gani ba har sau uku? Amsar tana bidiyonsa, akwai kwanan wata a jiki. Talata, Talata, Laraba. A gidan ajiyar kayan da yake aiki waɗannan ne kawai ranakun hutunsa. Bai taɓa ganin kogin ranar Asabar ba.

Yanzu ga abin da nake jin kunyar faɗa miki. Da na gaya wa Malama maganar baftisma, fuskarta ta sauya. Ta buga mini jadawalin sakin ruwan a takarda, ta tambaye ni ƙarfe nawa za a yi. Na ce ƙarfe goma, don haka aka rubuta. Ta numfasa, ta ce to da sauƙi, amma lallai kowa ya fita kafin sha ɗaya da rabi. Ta ce ko in ba ta lambar Fasto ta kira shi? Na ce a'a, na gode. Ta yaya zan sa baƙuwa ta kira manyanmu kamar na kai ƙararsu? Kuma ban gaya mata cewa ƙarfe gomanmu ba ƙarfe goma ba ne. Na kasa buɗe baki in tona mu a gabanta.

Kaka, ki ba ni shawara. Baba Nicodemus sa'an mahaifin Mama ne. Ban taɓa ce masa komai ba bayan ina kwana da na gode. Ta yaya yarinya take gaya wa dattijo cewa abin da ya gani da idonsa har sau uku ba haka yake ba?

Ina jiran amsarki ta hannun Anti Prisca.

Taki,
Nanret

*

Litinin, 9 ga Oktoba

Kakata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na sami saƙonki, na gode. Da fatan an gama yankan acca lafiya. Kin ce magana mai nauyi ba ta tsallake kan uwa, in bi ta hannun Mama, ita ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Haka na yi.

Na nuna wa Mama littafin bayan ta dawo daga aiki. Ta saurare ni, amma ta gaji, ta ce layukan nan suna sa mata jiri. Ta gaya wa Anti Dalila, ma'ajin zumunta. Anti Dalila ta gaya wa Maman Justin, matar Baba Nicodemus. Maman Justin ta jira ya ci abinci ta gaya masa. Ban san a wace ƙofa maganar ta zube ba. Abin da ya fita daga bakina shi ne ana sakin ruwa ranar Asabar. Abin da ya shiga kunnen Baba shi ne ’yar Liyatu, wato ni, tana tsoron ruwa.

Ranar Lahadi ɗaya ga wata, bayan sujada, aka kira ni gaba. Baba ya dafa kaina da hannunsa mai nauyi, ya ce da shi ma aka kai shi rafi gwiwoyinsa karo suke yi da juna. Ya ce, “Ki dubi sama, ’yata. Mu da muka tsufa a bakin rafi, mu ne kogi zai yi wa wayo?” Ya ce ya ga allon da aka kafa a hanya mai cewa ruwa yana iya tashi ba zato, amma ai kowane kogi haka yake da damina. Aka yi mini addu'a a kan ruhun tsoro. Anti Dalila ta ce da ƙarfi, “Gado ne, uwarta ma bokiti take yi wa sallama kafin ta taɓa.” Kowa ya fashe da dariya, har da Mama. Takardar Malama tana cikin jakata, hannuna yana kanta, ban fito da ita ba. Don tausayi kuma suka yanke cewa ni za a fara yi wa, in huta da fargaba. Ma'anar wannan, Mama ce za ta fara tsayawa a can cikin.

Na yi kwana uku ina jin haushin kaina. Ranar Laraba, bayan taron addu'a, na tsaya a ƙofar ofishin Fasto Seth har ya fito, na miƙa masa takardar da hannu biyu. Ya karanta ta sau biyu. Bai yi dariya ba. Ya ce na yi daidai da na kawo, ya tambayi lokacin isowar ruwan, na ce ɗaya saura kwata. Ya ce an riga an biya motar, mutane sun karɓi hutu a wuraren aikinsu, kuma sauya wurin yanzu zai karya wa Baba zuciya. Amma ya ce babu damuwa: mu tashi ƙarfe shida, mu isa tara, a fara goma, kafin sha ɗaya mun gama muna cin shinkafa.

Jiya ya yi sanarwa. Ya ce akwai dalili mai ƙarfi, ana ƙara ruwan kogin da rana, saboda haka wannan karon shida tana nufin shida. Wani daga baya ya ce, “Fasto, shidan Greensboro ko shidan Jos?” Aka yi dariya, aka ce amin.

Kaka, akwai shafi na biyu a littafina wanda Malama ba ta sa ni ba. Tun watan jiya nake rubuta lokacin da aka ce za a fara kowane taro da lokacin da aka fara. Sujada takan makara minti arba'in. Bikin godiya, awa ɗaya da rabi. Fitar da muka yi zuwa tafki a bara, na tambayi Mama, awa biyu da ɗoriya. Kogin kuwa, cikin makonni shida, bai taɓa makara fiye da minti biyar ba.

Ki ci gaba da yi mana addu'a. Ki gaida maƙwabta.

Jikarki,
Nanret

*

Juma'a, 13 ga Oktoba, da yamma

Kaka,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya. Wannan gajeriya ce, a kan gwiwata nake rubuta ta, a garejin Maman Justin a Summerfield, inda mata suke girkin gobe. Akwai waina, akwai gwate, an yanka kaji sun fi ashirin. Sun ce shinkafar sai da asuba za a dafa don kada ta kwana ta yi sanyi. Na ce ko a dafa yau? Babu wadda ta ji ni, ko kuma ban faɗa da ƙarfi ba.

Na duba jadawalin da na dawo daga makaranta. Gobe za su buɗe da ƙarfe tara, kamar kullum. Yanzu ruwan yana ƙafa ɗaya da rabi. An ce gobe rana za a yi tas, Baba Nicodemus yana ta nuna wa kowa wayarsa yana cewa Ubangiji ya amsa. Ya sayi sababbin fararen tawul shida da kuɗinsa, ya sa an rubuta sunan kowannenmu a jiki. Ya ba ni nawa da kansa, yana murmushi, ya ce gobe tsoro zai tafi da ruwa.

A cikin kwazazzabon babu sabis, ba zan ga lambar akwatin ba. Na ari agogon hannun Mama, na aikinta, mai nuna daƙiƙa. Na roƙe ta ta bar wata ta tsaya a madadinta, ta ce ashe in haife ki in bar wata ta tarbe ki?

Suna gwada waƙoƙin gobe da tulu da ƙuge. Suna da daɗi ƙwarai. Tun daga bakin titi ake jin su, kuma idan suna yi ba ka jin komai bayan su.

Sai na sake rubutowa.

Nanret

*

Alhamis, 19 ga Oktoba

Zuwa ga Kakata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan hankalinki ya ɗan kwanta. Na san labari ya riga ni isowa ta waya, kuma na san kowa da yadda ya ba da shi. Mama tana lafiya, ta ƙuje a gwiwa da hannu ne kawai. Ni ma lafiyata kalau. Ina so ki ji shi daga wurina, a jere, ba tare da na rage komai ba.

Ba mu tashi ba sai takwas da minti ashirin. Shinkafa ba ta iso ba sai bakwai. Baban ɗaya daga cikinmu bai sauka daga duti ba sai bakwai da rabi, kuma ba a tafiya a bar uba. Aka manta kayan kiɗa aka koma. Babu wanda ya yi laifi babba, kowa ɗan nasa ya ƙara. Da muka fara hawan duwatsu sai motoci suka riƙa wuce mu, kowace da kwale-kwale masu launi a ɗaure a kanta. Yara suna ɗaga musu hannu. Ni na san abin da suka tafi tarba.

Mun isa sha biyu saura ashirin. A gindin mota Fasto ya duba agogo, ya ce wa Baba Nicodemus lokaci ya ƙure, ko a yi a bakin ruwa kawai? Baba ya ɗaga hannu ya nuna sama. Ya ce, “Fasto, awa uku muka yi tafiya don mu jiƙa yatsu? Mutum shida ne, minti ashirin.” Fasto ya waiwayo ya dube ni. Kaka, ya dube ni sosai, kamar yana jira. Dattawa huɗu suna tsaye. Ni kuwa na sunkuyar da kai. Sai Fasto ya ce to, a yi sauri.

Sauka da kuloli da kujeru ta ƙaramar hanya ya ci minti ashirin. Fasto ya bar wa'azinsa, amma Baba ya tashi ya ba da labarin tasa baftismar, yana hawaye, kuma babu mai katse dattijo yana hawaye. Da matan suka fara shiga ruwa, agogon Mama yana nuna sha biyu da rabi da minti biyar. Su goma sha ɗaya ne, hannu da hannu, Mama a ƙarshe tana waƙa. Fasto yana cikin gurbin. Baba yana bayansa, ta ɓangaren da ruwa yake gangarawa, da sandarsa, don ya tare wanda santsi ya ɗauka. Wurin yana da kyau fiye da a bidiyo. Ruwan shiru.

Aka miƙa ni daga hannu zuwa hannu. Kowace tana ce mini kada in ji tsoro. Na yi magana a lokacin, na ce wa Anti Dalila lokaci ya yi, amma ko ni ban ji muryata ba saboda kiɗa.

Da na isa, Fasto ya dafa kaina ya ɗaga ɗaya hannun. Kin san abin da ake yi. Kiɗa ya tsaya cak, waƙa ta tsaya, har yara aka toshe wa baki, domin kowa ya ji amsar mai tuba. Tun da aka haife ni ban taɓa tsayawa a wurin da manya suka yi shiru don su ji ni ba. Ya yi mini tambayar. A cikin shirun nan na ji sanyi ya kama mini idon sawu, wani sanyi dabam da na da. Ganye ja guda uku suka wuce ta gabana, sai goma, sai ba adadi. Can sama kuma akwai ƙara, kamar manyan motoci suna tsallaka gada.

Ban amsa tambayar ba. Na yi ihu. Na ce, “Ku fita! Ruwan ya iso! Ku fita yanzu!” Na fizgi hannun Mama na tura ta wajen ta kusa da ita. Ban san ina da irin wannan muryar ba. Fasto ya gane nan take, ya ce, “Ku ja! Kada kowa ya saki!”

Na zaci kamar bango zai zo. Ba haka ba ne. Tasowa ya yi, kamar kunu idan ya hau tukunya. Daga ƙuguna ya kai ƙirjina kafin in yi taku biyar. Layin nan da aka yi don waƙa shi ya cece mu, na baki suna jan na ciki, maza suka kama na baki. Ƙafafun Mama suka bar ƙasa, na ga zanin da za ta tarbe ni da shi ya tafi, amma ba ta sake ni ba, Anti Dalila kuma ba ta sake ta ba. Ruwa ya rufe ni sau ɗaya. Da na ɗago, Fasto yana riƙe da rigata, Baba Nicodemus kuma yana tura Fasto da kafaɗarsa daga baya. Shi babu wanda ya riƙe shi. Na ga kansa mai furfura, sai na ga sandar ita kaɗai.

Masu kwale-kwalen da suka biyo ruwan su suka same shi, can ƙasa, ƙafarsa ta maƙale tsakanin duwatsu biyu, fuskarsa kawai a waje. Da igiya suka fitar da shi. Yana asibiti. Ƙafar ta karye wuri uku, likitoci ba su ce za su iya ceton ta ba tukuna.

A ikilisiya yanzu ana gardama. Wasu mata sun ce hannun Fasto yana kaina kuma ruwa ya rufe ni, saboda haka baftismata ta yiwu. Wasu sun ce ai ban amsa ba. Ni ban sa baki ba. A makaranta Malama Lucia ta riƙe hannuna ta ce in da ta sani da ta kira Fasto, sai na gaya mata abin da na ɓoye mata game da ƙarfe goma.

Jiya Baba ya aika a kai ni. Ya rame cikin kwana huɗu. Na durƙusa a gefen gadon na ce ya yafe mini, domin na sani tun Satumba, kuma a gindin mota na yi shiru. Sannan ya ce, “Da kin faɗa a gindin motar, ’yata, da na sake yi miki addu'a ne kawai.” Ban sani ba ko gaskiya ce, ko don ya sauke mini nauyi ya faɗa. Bai sauku ba. A gindin motar nan ai Fasto ne yake jira in yi magana, ba Baba ba.

Kaka, ba na ganin laifin shawararki, ladabi kika koya mini kuma ina gode miki. Amma idan aka zo aka ce miki jikarki ta yi wa Fasto da dattawa ihu a tsakiyar baftisma, kada ki musa, kada kuma ki ba da haƙuri a madadina. Gaskiya ne na yi. Abin da nake jin kunyarsa ba ihun ba ne, awa ɗayan da na yi kafin in yi shi ne.

Ki sa Baba Nicodemus a addu'a da sunansa, ki roƙi matan zumuntarku su ma su sa shi. Mama tana gaishe ki. Ubangiji ya kiyaye mana ke.

Ni ce jikarki,
Nanret